Ziyarar Andalus: tsofaffin birane da garuruwan bakin teku na kudancin Sifaniya, da abin da matafiyi ya kamata ya sani

Duk wanda ya taɓa ɗaukar karatu a zauren malam, a Damagaram ne ko Garwa, Injamena ko zangon Kumasi, ya ji sunan Andalus ko da bai san inda take a taswira ba. Tafsirin Ƙurɗubi, Alfiyyar Ibn Malik, Ishiriniya da ake rerawa lokacin Maulidi da Tuhfatul Hukkam ta alƙalai, dukkansu mawallafansu ƴan garuruwan da yau ke kudancin ƙasar Sifaniya ne. Garuruwan suna nan, jirgin ƙasa da mota na zuwan su, kuma miliyoyin baƙi na ziyartar su kowace shekara. Sai dai ga mai fasfo na Nijar, Kamaru, Cadi, Gana, Najeriya ko Sudan, tafiyar tana farawa ne daga layin neman biza, kuma idan shiri ya kuskure kuɗin da ke salwanta ba kaɗan ba ne.

Ina ce Andalus?

Sunan na da ma'ana biyu. A littattafan tarihi, Andalus ita ce duk ƙasar da Musulmi suka mulka a Sifaniya da Fotugal, tun daga shekarar 711 da Ɗariƙ bin Ziyad ya ƙetaro teku daga Maroko har zuwa 1492. Akwai lokacin da ta mamaye kusan dukkan ƙasashen biyu, akwai kuma lokacin da ta tsuke ta koma masarauta ɗaya tak. A yau kuwa, Andalusiya sunan yanki ne guda a kudancin Sifaniya, mai larduna 8 da mutane kimanin miliyan 8 da rabi.

Sunayen da malamai suka sani sun ɗan bambanta da waɗanda ake bugawa a tikiti. Ƙurɗuba ita ce Córdoba, wadda Faransawa ke kira Cordoue. Ishbiliya ita ce Sevilla ko Séville, kuma ita ce babban birnin yankin. Garnaɗa ita ce Granada ko Grenade.

Ƙasar Andalus ba rana ɗaya ta faɗi ba. Sarakunan Kirista na arewa sun karɓi Ƙurɗuba a 1236, Ishbiliya a 1248, Kadis a 1262, Tarifa a 1292, Malaga a 1487, sannan Garnaɗa a 1492. Wanda ya bi garuruwan a wannan jerin zai ga yadda ginin kowane gari ke ɗauke da zamaninsa, kuma jerin ya yi daidai da hanyoyin jirgin ƙasa da na mota na yau.

Ƙurɗuba: masallacin da ba a sallah a cikinsa

A shekarar 756 Abdurrahman na ɗaya, ɗan gidan Banu Umayya da ya tsira daga kisan da Abbasiyawa suka yi wa danginsa a Sham, ya kafa mulkinsa a Ƙurɗuba. Wajen shekaru 30 bayan haka ya aza harsashin babban masallacin birnin. Magadansa suka yi ta faɗaɗa shi na tsawon shekaru 200, har ya zama ɗaya daga cikin manyan masallatan duniya a wancan zamani.

Abin da ke fara kama idon mai shiga shi ne ginshiƙai kimanin 850, a kansu bakan gizo hawa biyu na jan bulo da farin dutse. Dalilin hawa biyun na aiki ne: ginshiƙan da aka kwaso daga tsofaffin gine-ginen Rumawa gajeru ne, sai magina suka ɗora baka kan baka domin rufin ya yi tsawo. Mihrabin da halifa Alhakam na biyu ya gina bayan ya hau mulki a 961 an yi masa ado da ƙananan duwatsun gilashi masu ruwan zinariya. Alƙiblar masallacin ta fi karkata kudu, ba ta fuskanci Makka daidai ba, abin da masana ke ta muhawara a kan dalilinsa har yau.

Tun 1236 ginin ya koma coci, kuma daga 1523 aka fara gina babban ɗakin ibadar Kirista a tsakiyar ginshiƙan. Cocin Katolika ce ke tafiyar da shi, kuma an haramta wa Musulmi yin sallah a ciki. Masu gadi na dakatar da duk wanda suka ga ya tayar da kabbara ko ya yi ruku'u. Sanin haka tun daga gida yana rage ɓacin rai da rigimar da ba ta da amfani. Daga Litinin zuwa Asabar akan buɗe ƙofa kyauta na kimanin sa'a ɗaya da sassafe ga ɗaiɗaikun mutane, kuma lokacin ne wurin ya fi shiru.

A wannan birni ne Yahya bin Yahya Allaisi ya karantar, wanda ruwayarsa ta Muwaɗɗa Malik ita ce ta fi yaɗuwa a Afirka ta Yamma. A nan aka haifi Ibn Hazm a 994 da Ibn Rushd mai Bidayatul Mujtahid a 1126. A nan kuma aka haifi Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa, wanda mutum-mutuminsa ke tsohuwar unguwarsu dab da masallacin. Imam Ƙurɗubi mai tafsiri ya bar birnin bayan faɗuwarsa, ya rasu a Masar a 1273.

Kimanin kilomita 8 yamma da gari akwai kufan Madinatuz Zahra, birnin fada da Abdurrahman na uku ya gina bayan ya ayyana kansa halifa a 929. Birnin bai cika shekaru 80 ba aka wargaza shi a yaƙin basasar da ya ɓarke tsakanin Musulmin kansu, kuma a 1031 halifancin ya ruguje ya rarrabu zuwa ƙananan masarautu masu gaba da juna. Hukumar UNESCO ta sanya kufan cikin wuraren tarihi na duniya a 2018. A rufe suke ranar Litinin.

Ishbiliya: hasumiya, kogi da dukiyar Amurka

Minti 45 ne a jirgin ƙasa mai sauri daga Ƙurɗuba zuwa Ishbiliya. Biranen biyu suna bakin kogi ɗaya, Guadalquivir, sunan da ya samo asali daga Larabci, Wadil Kabir, wato babban kwari.

Daular Muwahhidun da ta taso daga Maroko ta mayar da Ishbiliya hedikwatarta a Andalus. Su suka gina hasumiyar da yau ake kira Giralda tsakanin 1184 da 1198, ƴar'uwar hasumiyar Kutubiyya ta Marrakesh da hasumiyar Hassan ta Rabat. A ciki babu matakala sai gangara mai zagayawa, wadda aka ce an yi ta ne domin ladani ya hau a kan dabba. A 1568 aka ƙara mata ɗakin ƙararrawa a sama, tsawonta ya kai mita 104. Masallacin da ke gindinta an rushe shi aka gina katafariyar coci a gurbinsa, amma farfajiyar alwala mai itatuwan lemu tana nan. A cikin cocin akwai kabarin Kiristofa Kolumbus.

Fadar Alcázar da ke kallon cocin tana rikita baƙi da yawa. Mai gani zai rantse sarkin Musulmi ne ya gina ta, saboda rubutun Larabci da zanen da ke bangonta. Amma ɓangarenta mafi shahara sarkin Kirista Pedro na ɗaya ne ya sa aka yi daga 1364, fiye da shekaru 100 bayan karɓe birnin, da hannun magina Musulmi, wasunsu daga Garnaɗa. Mulki ya sauya hannu, amma sana'a da ɗanɗanon ado sun daɗe ba su sauya ba.

Daga 1503 Ishbiliya ta zama ƙofar cinikin Sifaniya da nahiyar Amurka, azurfa da zinariya suka yi ta shigowa ta kogin. Tare da dukiyar akwai cinikin bayi. A ƙarni na 16 birnin na cikin garuruwan Turai mafiya yawan baƙaƙen fata, bayi da ƴantattu, kuma ƙungiyar addini da aka kafa dominsu, wadda ake kira Los Negritos, har yanzu tana fita jerin gwano a makon Ista.

Kadis da Tarifa: inda Turai ke kallon Afirka

Kadis na bakin tekun Atilantika, ƙasa da sa'o'i biyu a jirgin ƙasa daga Ishbiliya. Ƴan kasuwar Finikiya daga gaɓar Lebanon ta yau ne suka kafa ta wajen shekaru 3,000 da suka wuce, abin da ya sanya ta cikin tsofaffin biranen yammacin Turai. Ruwa ya kewaye ta kusan ta ko'ina, wani siririn zirin ƙasa ya haɗa ta da tudu. A 1717 aka mayar da ofishin cinikin Amurka nan daga Ishbiliya, attajirai suka gina hasumiyoyi a saman gidajensu domin hango jiragensu. Fiye da 100 suna nan har yau, kuma ana hawa ɗaya mai suna Tavira a ga gari gaba ɗaya. A Kadis aka rubuta kundin tsarin mulkin Sifaniya na 1812.

Jirgin ƙasa ba ya zuwa Tarifa, sai bas. Ƙaramin gari ne mai fararen gidaje da iska mai ƙarfi, wadda ta mayar da shi dandalin masu wasan sululu a kan ruwa. Ya samo sunansa daga Ɗarif bin Malik, wanda ya sauka nan a 710 domin leƙen asiri, shekara ɗaya kafin Ɗariƙ. Ganuwar da ke bakin tashar jiragen ruwa Abdurrahman na uku ne ya gina ta a 960. Daga kanta ana ganin duwatsun Maroko da ido, domin kilomita 14 ne kacal tsakanin nahiyoyin biyu a inda mashigin ya fi tsukewa.

Wannan kusanci na da wata fuskar. A ranar 1 ga Nuwamba 1988 aka tsinci gawar wani matashi a rairayin Los Lances na Tarifa, kuma ita ake lissafawa a matsayin ta farko da aka rubuta cikin jerin ƴan ci-ranin da suka nutse a mashigin. A maƙabartar garin akwai kaburburan da babu suna a kansu. Igiyar ruwan mashigin na da ƙarfi, manyan jiragen dakon kaya kuma ba sa tsayawa dare da rana. Tsaurara tsaro a nan ya tura mutane zuwa hanya mafi tsawo da haɗari ta tsibiran Kanari, inda sama da mutum 46,000 suka sauka a 2024.

Gabas kaɗan akwai Aljesiras, wadda Larabawa ke kira Jaziratul Khadra, ɗaya daga cikin manyan tashoshin ruwa na Turai. Kowace bazara miliyoyin ƴan Maroko mazauna Turai na ratsawa ta nan da motocinsu zuwa hutu gida. Daga bakin ruwanta ana hango dutsen Jibralta, wato Jabal Ɗariƙ, wanda ke hannun Ingila bisa yarjejeniyar 1713.

Malaga da gaɓar Bahar Rum

Malaga ce ke da filin jirgin sama mafi hada-hada a yankin. Mutane da yawa na wucewa ta cikinta zuwa otel-otel na bakin ruwa ba tare da sun tsaya ba, alhali tsakiyar birnin ta cancanci kwana biyu. A gindin tudu ɗaya akwai dandalin wasan kwaikwayo na Rumawa, a samansa fadar Alcazaba ta ƙarni na 11, can ƙololuwa kuma ganuwar Gibralfaro. Babbar ƙofar kasuwar Atarazanas ragowar wurin ƙera jiragen ruwa ne na zamanin sarakunan Garnaɗa. A Malaga aka haifi mai zane Pablo Picasso a 1881, kuma an buɗe gidan adana ayyukansa a 2003. A bakin teku ana gasa kifin sardin a tsinke a kan garwashi, kamar yadda ake tsire.

Wanda ya bi gaɓar zuwa gabas zai tarar da Nerja mai kogon da aka gano a 1959, da ƙauyen Frigiliana a kan tudu, inda aka manna allunan tangaran a bango suna ba da labarin boren da zuriyar Musulmi suka yi a 1569. Gaba kaɗan akwai Almuñécar, inda Abdurrahman na ɗaya ya sauka daga jirgi a 755, an kuma kafa masa mutum-mutumi a bakin ruwa.

Can ƙarshen gabas akwai Almeriya, wadda Abdurrahman na uku ya kafa a 955. Kafin a isa birnin ana ratsa gonakin rumfar leda sama da hekta 30,000, waɗanda ke ciyar da kasuwannin Turai da tumatir, tattasai da kokwamba. Yawancin masu aikin ƴan Maroko ne da ƴan Afirka ta Yamma, kuma wasu marasa takardu na kwana a bukkokin leda da katako, musamman a kewayen wani gari mai suna Níjar, wanda sunan ne kawai ya zo ɗaya da na ƙasar Nijar.

Garnaɗa: masarauta ta ƙarshe

Gidan Banu Nasr ya mulki Garnaɗa fiye da shekaru 250, yana biyan haraji ga sarakunan Kirista a wasu lokuta, yana neman agajin Maroko a wasu. A wannan hali na matsi ne suka gina Alhambra, wato Alhamra'u, jar fada, a kan tudun da ke kallon birnin. Daga waje ganuwa ce ta jar ƙasa marar ado. A ciki kuwa babu bangon da aka bari haka nan: sassaƙen farar ƙasa, tangaran mai launi, rufin katako, da taken gidan sarautar da aka maimaita ko'ina, mai ma'anar babu mai rinjaye sai Allah. Wanda ya iya karanta Larabci zai amfana fiye da sauran baƙi, domin bangon littafi ne a buɗe.

Farfajiyar Zakoki, mai zakokin dutse 12 da ke ɗauke da kwarya ta ruwa, sarki Muhammad na biyar ne ya gina ta a ƙarni na 14. Ruwan da ke gudana a fadar da lambunan Generalife ana janyo shi ne daga kogin Darro ta magudanar da aka haƙa a gefen dutse tun farkon ginin, ba tare da inji ba.

A ranar 2 ga Janairu 1492 sarki Abu Abdullahi ya miƙa makullan birnin. Yarjejeniyar miƙa wuya ta yi wa Musulmi alkawarin riƙe addininsu da masallatansu, amma ba a cika shekaru 10 ba aka karya ta. A shekarar ta 1492 aka kori Yahudawa, a 1502 aka ba Musulmin masarautar Kastila zaɓi tsakanin shiga Kiristanci da barin ƙasa, sannan tsakanin 1609 da 1614 aka kori zuriyarsu, kimanin mutum 300,000, yawancinsu zuwa Arewacin Afirka.

Garnaɗa ce ta fi sauran biranen alaƙa da Afirka ta Yamma. Mawaƙi Abu Ishaƙ Assahili ɗan birnin ne. Ya haɗu da Mansa Musa a aikin Hajjin 1324, ya biyo shi Mali, ya rasu a Tumbutu a 1346, kuma ana jingina masa ginin masallacin Jingarai Ber. Hassan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a nan aka haife shi, kuma littafinsa da aka buga a Benis a 1550 ya yi bayanin Agadas, Gobir, Kano, Katsina, Zazzau da Zamfara. Judar Pasha, wanda ya jagoranci rundunar Maroko da ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591, ɗan lardin Almeriya ne, kuma da yawa cikin mayaƙansa ƴan asalin Andalus ne. Alƙali Iyad mai littafin Ashafa ya taɓa riƙe alƙalancin Garnaɗa, Ibn Asim mai Tuhfa kuwa ɗan garin ne.

Tikitin Alhambra na bukatar kulawa ta musamman. Ana sayar da shi da sunan mutum da lambar fasfonsa, kuma sai an nuna fasfon a ƙofa. Shiga fadojin Banu Nasr na da ƙayyadadden lokaci da aka buga a tikitin, wanda ya makara ya yi asara. A watannin cunkoso tikiti na ƙarewa makonni kafin ranar, saboda haka ana sayen sa ne a shafin intanet na hukumar da ke kula da fadar kafin ma a kama ɗakin otel.

Biza: ba a fafe gora ranar tafiya

Sifaniya na cikin yankin Schengen. Bizar ziyara tana ba da damar zama har kwanaki 90 cikin kowane kwanaki 180, kuma ba ta ba da izinin aiki. Tun Yunin 2024 kuɗinta yuro 90 ne ga babba, wato kimanin sefa 59,000, da yuro 45 ga yaro mai shekaru 6 zuwa 12. Inda kamfani ne ke karɓar takardu a madadin ofishin jakadanci, akwai ƙarin kuɗin hidima. Ko an hana bizar ba a mayar da ko dala.

Ana iya shigar da takardu tun watanni 6 kafin tafiya, kuma amsa kan fito cikin kwanaki 15, amma tana iya kaiwa 45. Fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla watanni 3 bayan ranar dawowa, da shafuka biyu da ba a buga komai ba. Ana neman inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, shaidar masauki, shaidar tikitin zuwa da dawowa, da bayanan banki. Sifaniya na ƙiyasta guzurin baƙo a kan sama da yuro 100 kowace rana, adadin da ke sauyawa duk shekara. Wanda zai sauka a gidan ɗan'uwa yana bukatar takardar gayyata da mai masaukin zai karɓo a ofishin ƴan sandan garinsa.

Sifaniya na da ofisoshin jakadanci a Yamai, Abuja, Akara da Yawunde. Ƙa'ida ita ce mutum ya nemi biza a ƙasar da yake zaune bisa doka, abin da ya shafi Hausawa da yawa masu fasfon wata ƙasa da zama a wata. Irin waɗannan sai sun haɗa da katin izinin zamansu. Babban abin da jami'in biza ke dubawa shi ne ko mai nema zai dawo: aiki, rajistar kasuwanci, iyali, da kuɗin da ke shiga asusu a kai a kai. Maƙudan kuɗin da aka zuba a asusu mako ɗaya kafin nema sun fi jawo zargi fiye da amincewa. Takardar jabu daga hannun dillali na iya rufe wa mutum ƙofar dukkan ƙasashen Schengen. Wanda aka hana yana da wata ɗaya ya nemi ofishin ya sake duba shawararsa.

Akwai tarkon da ke kama baƙi a Tarifa. Jirgin ruwa na kai mutum Tanja cikin kimanin sa'a ɗaya, kuma ana tallar zuwa a dawo a yini guda. Mai bizar shiga sau ɗaya da ya hau wannan jirgi ya fita daga Schengen ke nan, ba za a bar shi ya komo ba, ko da jakarsa na otel a Sifaniya. Daga Oktoban 2025 kuma an fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun baƙi a iyakoki ta na'ura, saboda haka wuce wa'adi ko da na ƴan kwanaki ne yana shiga rajista.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Mutumin Sahel na iya ɗauka zafin Turai wasa ne, amma kwarin Guadalquivir ba haka yake ba. A Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 40 a Ƙurɗuba da Ishbiliya, kuma a lardin Ƙurɗuba aka auna digiri 47.6 a Agustan 2021, mafi tsanani a tarihin ƙasar. Watannin da suka fi daɗin yawo su ne Maris zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba. Sai dai makon Ista da bikin Feria na Ishbiliya a Afrilu, da bikin furannin tsakar gida na Ƙurɗuba a Mayu, na sa kuɗin otel ya yi tashin gwauron zabi. Garnaɗa kuwa tana gindin tsaunukan Sierra Nevada masu dusar ƙanƙara, kuma sanyin darenta a Disamba da Janairu ya wuce na hunturun Agadas.

A lokacin sanyi agogon Sifaniya ɗaya yake da na Yamai, Kano, Injamena da Yawunde. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba yana gaba da sa'a ɗaya, da na Akara kuma sa'o'i biyu. A tsakiyar bazara rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 da rabi na dare, saboda haka lokutan Magariba da Isha'i na nisa sosai da abin da aka saba.

Abinci, sallah da zaman lafiya a titi

Naman alade ya shiga abincin yankin sosai, har inda ba a zato. Kalmomin da ya kamata a gane a takardar abinci su ne cerdo, jamón, chorizo, tocino da manteca, wato kitsen alade, wanda ake sawa har a wasu kayan zaƙi. Miyar tumatir mai kauri ta Ƙurɗuba, salmorejo, akan barbaɗa mata jamón a sama sai an ce kada a sa. Soyayyen kifi, wainar ƙwai da dankali, da miyar gazpacho mai sanyi su ne mafita a yawancin wurare. Mahautan halal da gidajen abincin ƴan Maroko na da yawa a Garnaɗa, Malaga, Aljesiras da Almeriya. Abincin rana sai ƙarfe 2, na dare kuma daga ƙarfe 9.

A Garnaɗa an buɗe babban masallaci a 2003 a tsohuwar unguwar Albaicín, kuma daga lambunsa ana kallon Alhambra fuska da fuska. Akwai manyan masallatai a Malaga da Marbella, sauran garuruwa kuma na da ƙanana a cikin unguwanni.

Faransanci ba ya ci sosai a titi, amma yana taimakawa wajen karanta alluna. Wasu kalmomin ma kunne ya san su: magajin gari shi ne alcalde, daga tushe ɗaya da alƙali, aduana kuwa ita ce duwan. A kewayen manyan coci-coci akwai masu tura wa baƙo reshen ganye a hannu kamar kyauta, sannan su nemi kuɗi, kuma ƴan sane ba sa rasuwa a cunkoso. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan adam sun sha kokawa cewa ƴan sanda sun fi tsayar da baƙaƙen fata domin duba takardu, saboda haka fasfo ya kasance a jiki kullum, hotonsa kuma a waya. Lambar agajin gaggawa ita ce 112.

Kwana 10 sun isa?

Matafiya daga yankin Sahel da gaɓar Gini na iya bi ta Kasablanka ko Istanbul su sauka a Madrid ko Malaga. Daga Madrid jirgin ƙasa mai sauri na kai wa Ƙurɗuba cikin ƙasa da sa'o'i biyu, kuma tikitinsa ya fi araha idan an saya da wuri. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne kwana biyu a Ƙurɗuba, biyu a Ishbiliya, ɗaya a Kadis, ɗaya a Tarifa, biyu a Malaga, biyu a Garnaɗa. Wanda kwanakinsa ko aljihunsa bai kai haka ba zai iya taƙaitawa ga Ƙurɗuba, Malaga da Garnaɗa cikin kwana 5, ya ga farkon daular, ya ga teku, ya ga ƙarshenta. Ko wanne aka zaɓa, ranar da aka samu tikitin Alhambra ita ce ake gina sauran kwanakin a kanta, kuma wannan tsarin a rubuce, da sunayen otel da ranaku, yana cikin takardun da ke ƙarfafa neman biza.